Mai Gadin Numfashin Haliru

Ranar kasuwar Lolo, da la'asar sakaliya, Shamsu mai fataucin kayan lantarki ya dawo daga Malanbil da kwalaye biyu ɗaure a bayan babur. Injinan numfashi ne, ya kawo wa dattijo Haliru ya zaɓa. Haliru yana da ciwon nan da numfashi ke ɗaukewa cikin barci. Shekara huɗu ke nan, tun rasuwar matarsa Mairama, yana kwana da takunkumi a fuska, inji na hura masa iska ta tiyo, sai ga shi injin ya ƙone.

Ɗaya irin tsohon ne, mai gurnani kamar injin markaɗe a nesa. Ɗayan sabon yayi ne, yana da batir, ko ka kara kunne ba ka jin motsinsa. Safina, 'yar Haliru tilo, wadda ta zo daga gidan mijinta a Zagga don wannan hidima, ta ce ai baba ya sha surutu ya ƙoshi. Haliru ba mutum ne mai gardama ba. Aka ɗauki mai shiru.

Bayan isha'i ya kwanta, gidan ya yi tsit irin wanda bai taɓa yi ba. Sai dutse ya faɗo kan kwanon ɗakinsa. Ya farka, ya saurara, ya koma. Barci na ɗaukarsa wani ya sake faɗowa. Aka zagaya da tocila, babu kowa, ko kare bai yi haushi ba. Kwana uku haka, da ya rufe ido sai jifa. Dattijo ya zabge, yana gyangyaɗi a sahun sallah.

A magaribar kwana na huɗu Safina tana kwashe tuwo, sai ta saki marar kwasar ta faɗi. Ta je ƙofar ɗakin ubanta ta tsuguna, ta manna kunne a bango, idanunta sun kafe. Aka kira sunanta har aka gaji.

Aka aika wa Malam Abdulganiyu mai ruƙiyya, ya iso daga Kende kafin isha'i. Ya daɗe yana karatu a kanta, a hankali, ba tsawa. Can ta buɗe baki, muryar tsohuwa ta fito, a gajiye.

"Mi kika biɗa ga ɗiyag ga?" in ji malam.

"Ba ni biɗar komi gare ta. Baki nika so. Na yi jifa, ba wanda ya gane."

Ta ce ta riga su zama a wurin, tun ba a kafa gidan ba, danginta duk sun watse sun bar ta. Shekara talatin tana jin Mairama tana zungurin mijinta duk sanda numfashinsa ya tsaya. Ranar da Mairama ke jinyar ajali, ta yi tambaya a ɗakin, wa zai riƙa tayar da shi, ba wanda ya amsa. Ita mai muryar ta ɗauki nauyin. In tsohon inji na gurnani ta san lafiya, in wuta ta yanke ya yi shiru sai ta jefa tsakuwa guda.

"Wanga sabo ba shi magana. Ban san ko shina da rai ba."

Malam ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce mata rai a hannun Allah yake, injin yana aiki ko ba wuta, kuma shiga jikin 'yar mutane zalunci ne ko da kyakkyawar niyya. Ta roƙi a bar ta a bayan ɗaki, ba za ta ƙara taɓa kowa ba. Malam ya ce wanda ya shiga sau ɗaya ya san hanya. Haliru ya buɗe baki zai sa baki, ya dubi 'yarsa kwance a ƙasa tana rawar jiki, ya haɗiye maganar.

"To, na tahi," in ji muryar. "Haliru, ka riƙa kwana bisa haƙarƙari."

Safina ta yi atishawa sau uku, ta farka tana tambayar tuwonta.

Bayan kwana biyu mijinta ya zo ya ɗauke ta. Haliru ya yi barci lafiya lau, ba jifa, ba motsi, ya tashi da wani kaɗaici da bai ji irinsa ba ko ranar da aka kai Mairama. Da kasuwa ta zagayo ya rungumi kwalin ya kai rumfar Shamsu, ya ce a musanya masa da mai gurnanin.

Shamsu ya yi dariya. "Baba, wa zai saurari wanga ƙara?"

"Ba kowa," in ji Haliru. "Ka dai ba ni shi."