Tsani Mai Taki Sittin

Ƙarfe goma na safe aka kira Sufeto: bututun iskar haidirojin ya fashe a matatar mai, wuta ta kashe ma'aikaci ɗaya. Kafin ya isa, manaja ya riga ya kulle mai walda a ɗakin masu gadi, wai ɗinkin waldarsa na shekarun baya ne ya saki. Mamacin kuma ƙanin mai waldar ne, uwa ɗaya uba ɗaya.

Sufeto ba ya cin tuwon da aka tuƙa a bayan idonsa.

Injiniya ya shige gaba yana miƙa tsintsiya, don wutar haidirojin ba a ganinta da rana, sai tsintsiyar ta kama. Ya ɗauko guntun bututun da ya faɗo daga sama. Ɗinkin walda yana nan daram, ƙarfen gefensa ne ya tsattsage. Ya ce iskar mai zafi takan ci ƙarfe ta ciki a hankali, shi ya sa ake gwada shi duk shekara.

A rajistar gwaji Sufeto ya ga lamba iri ɗaya sak, shekara uku a jere. Ƙarfen da ba ya tsufa!

Ya hau tsanin bututun da kansa, taki sittin, yana haki. Murfin wurin gwajin yana liƙe da tsohon fenti, ko ƙwarzane babu.

Aka kira mai gwaji, dattijon da kowa ke ce wa Baba. Ya rantse cewa da hannunsa ya buɗe murfin a watan jiya.

"To Baba, mu hau ka nuna mini."

A taki na huɗu gwiwar Baba ta ƙi. Ya rungume tsanin.

"Yaushe rabonka da sama?"

"Shekara uku, ranka ya daɗe. Na ji tsoron in faɗa a sallame ni. Lambar bara nake kwafewa."

Sajen da ke tare da Sufeto ya buɗe wa mai walda ƙofa. Ya fito, ya tsaya gaban dattijon, idonsa jawur.

"Baba, da ka faɗa mini, wallahi ni zan riƙa hau maka. Ko shi marigayin."

Ko Sufeto sai da abin ya sosa masa rai. Ya sa wa dattijon ankwa duk da haka, sannan ya ce wa Saje su taka a hankali, ƙafar Baba ba ta da kyau.