Kujerar da Aka Ba Ummuhani

Ranar da Ummuhani ta fara aiki a wani ofishin binciken asusun kamfanoni a Garwa, wuta ta ɗauke, zafi kamar ya narkar da mutum. Ta tsaya a bakin ƙofa tana rarraba ido. Wani dogon saurayi ya taso da murmushi.

"Sannu da zuwa. Sunana Salmanu. Patron, mai ofishin nan, ya ce ni zan koya miki aiki."

Ya koya mata kuwa, da haƙuri. Ya daɗe a ofishin, kuma duk aikin da ya gagari wasu, na 'yan audugar Kaélé ko na 'yan kasuwar Guider, shi ake turawa. Sai dai ba ya zuwa gaisuwar Lahadi gidan mai ofishin, Mushe Maurice, kamar yadda sauran suke yi.

Kafin damina ta zagayo, ya koma kiranta Hani. Idan yana hanya sai ya turo mata saƙo: "Hanina, na iso lafiya. Garin nan ba daɗi tunda ba kya ciki."

Ita kuma ta amsa: "Ka ci abinci dai, Malamina. Zuciyata tana wurinka."

Mahaifinta, Alhaji Jibril, babban ɗan kasuwa ne, wannan ofishin ne ma yake duba masa harkokinsa. Da kawun Salmanu ya je neman aurenta, Alhaji ya ce, "Yaron kirki ne, amma ƙaramin ma'aikaci ne. In ya zama shef, shugaban ma'aikatan ofishin, ku dawo."

Da kujerar shef ta zama ba kowa a kanta, kowa ya riga ya yi wa Salmanu murna. Sai Mushe Maurice ya tara ma'aikata ya kira sunan Ummuhani. Salmanu kuma, ya ce, an mayar da shi reshen Kuseri.

Salmanu ne ya fara tafa mata. Ita kuwa ta kasa ɗaga kai.

Ya tafi bai yi mata sallama ba. Ta yi ta kira, ba ya ɗauka. Daga baya saƙo ɗaya ya shigo: "Barka da ƙarin girma, Madam." Ta rufe ƙofar sabon ofishinta ta yi kuka har idonta ya kumbura.

Washegari ta sami Mushe Maurice. "Don aikina ka ba ni, ko don Babana?"

"Kina da ƙoƙari, kuma mahaifinki babban mutum ne a wurinmu. Me ya sa kike son raba abubuwan biyu?"

"Salmanu fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Ya fi kowa iya aiki. Amma in na tsallake shi, ba wanda zai buga mini waya."

Da ta koma gida ta durƙusa gaban mahaifinta. Bai musa ba. Ya ce a wani taron suna ya haɗu da Maurice, ya ce masa kawai ya kular masa da 'yarsa.

"Baba, ka ce sai ya zama shef," ta faɗa. "Kuma kai ka ɗauke kujerar ka ba ni."

A makon nan Alhaji ya aika a kira masa kawun Salmanu kan maganar auren.

Salmanu ya zo daga Kuseri duk ya rame. Suka zauna da Ummuhani a zaure.

"Ka zaci na sani?" in ji ta.

"Da farko. Daga baya kunya ce ta hana ni kira, Hani. Me zan ce miki?"

"Zan ajiye aikin."

"Kada ki soma. Kin iya aikin nan. Ni na koya miki, na sani."

Aka ɗaura aure bayan Sallah. Ba a dawo da Salmanu Garwa ba, ba a kuma ƙara masa girma ba. Da hutunsa ya ƙare, Alhaji da kansa ya kai shi tasha, Ummuhani a baya tana share hawaye da gefen mayafi.

Tsohon ya riƙe hannun surukinsa ya ƙi saki.

"Allah Ya yi muku albarka, ɗana. Abin da na hana ka, Allah Ya ba ka wanda ya fi shi."

"Amin, Baba," in ji Salmanu. Ya dubi matarsa. "Ai ya riga ya ba ni."