Zoben Bashira a Yatsan Kamila

Na'inna, ke kinka kashe auren ɗiyata!

Ke ɗin nan, ƙanwata ciki ɗaya, wadda na goya har zanena ya ƙoɗe. Zan faɗa a Tambuwal, in faɗa a Kebbe, kowa ya ji abin da kinka yi wa Bashira.

Ku da ba ku sani ba, ku saurara.

Mu'awiyya yaron Kebbe ne, mai fataucin shanu. Ya daɗe yana zuwa zance wurin Bashira, yaro mai kunya, in ya gaishe ni ko ɗaga kai ba ya yi. Wata la'asar ya zo da ɗan akwati a aljihu. Ɗakina jikin zaure yake, don haka komi a kunnena.

"Bashirata, miƙo hannunki."

"Mi ke nan?"

"Zoben daimon ne, lu'ulu'u, karat guda cif. Ubangidana na ba sautu daga Dubai. Kin san ban iya daɗin baki ba irin na samarin waya... wanga shi ne bakina."

"Mu'awiyya! Ina ka samu?"

"Bijimai biyu na saida."

"Har da farin nan da ka rena tun yana maraƙi?"

"Shanu suna haihuwa, rabin raina. Ke kuwa guda ce."

Yarinyar nan ta shigo gida tana dariya tana hawaye. Dutsen ɗan mitsitsi ne, bai wuce ƙwayar wake ba, amma in rana ta taɓa shi sai ka rufe ido.

Ni ban yi boko ba. Gero na sani da dawa, in na dubi tsibi na san mudu nawa ne, ido shi ne ma'aunina. Shi ya sa na aika a kira min Na'inna, tunda ita ke saida gwala-gwalai da kayan lefe, ta je Dubai ta je Makka. Wa zan kira in ba 'yar'uwata ba?

Ta karɓi zoben, ta juya shi, ta kai shi bakin ƙofa wurin haske. Na ga ta yi jim. Sai kuma ta fashe da dariya.

"Yaya Fatsuma, wanga ne karat guda?"

Ta zare na hannunta, dutse ƙato kamar ƙwallon magarya, ta jera su a tafin Bashira.

"Kin ga nawa? Rabin karat ne. Rabi! Karat ai girma ne, kamar yadi a atamfa. To ta yaya rabi zai fi guda?"

Bashira ta ce, "Inna ƙarama, shanunsa fa ya saida..."

"Ya saida mana! Ki tambaye shi ina sauran ya tafi. Akwai wata bazawara a Dogon Daji, duk ranar kasuwa mashin ɗinsa na ƙofar gidansu. Da na yi shiru don kar a ce na raba. Ita ta samu kaza, ke an jefo miki tsaba."

Ban taɓa ganin fuskar ɗiyata ta mutu haka ba. Nan take ta kira shi.

"Ka yi min ƙarya, Mu'awiyya."

"Ƙaryar mi, masoyiyata?"

"Kar ka sake ce min haka! Da zoben azurfa ka kawo ka ce azurfa ne, wallahi da na sa shi har kabarina."

"Bashira, tsaya ki ji..."

Ta kashe wayar.

Na'inna ta ce a ba ta zoben ta mayar cikin mutunci, kar yara su yi ta tonon silili. Munka ba ta, har da godiya!

Ashe da ta isa Kebbe cewa ta yi daga cikin kwata ta tsamo shi, wai Bashira ta jefar ta ce ba ta auren mai warin shanu. Uwar Mu'awiyya ta rantse in ya sake taka ƙofarmu ba ta yafe ba. Mu muna nan muna cewa rashin gaskiya ya hana shi zuwa. Bashira ta rame, ta bar cin abinci sai kunu.

Bayan an gama girbi sai ga goro. Mu'awiyya zai auri Kamila, ɗiyar Na'inna.

"Yaya, iyayensa sunka nema," in ji ta. "Tunda Bashira ta ƙi, ba gara abin ya tsaya cikin gida ba?"

Na haɗiye don zumunci. Bashira ma ta ce sai ta raka amarya, don kar a ce tana baƙin ciki da ƙanwarta.

Ranar buɗar kai muna Kebbe. Ni da Bashira mun ɗauko kwanukan abinci, mun iso bakin labulen ɗakin amarya, sai munka ji gwaggon ango, wata Zulfa daga Fakku, tana zolaya:

"Kai, amarya! Bijimai biyu a ɗan wanga abu? Ai ko kaza ba ta ƙoshi da shi!"

Sai muryar Na'inna, tana taƙama:

"Haba Hajiya, kar ki ba da mu! Karat ai nauyi ne, ba girma ba. A sikeli aka auna shi, karat biyar ke yin giram guda. Dubi ƙarƙashinsa yadda ya yi tsini, can nauyin yake, kamar rogo cikin ƙasa. Ko karat biyu ne ba ya ninka wanga faɗi, kaɗan zai ɗara shi. Wanga guda ne cif, ni na aza shi a sikelina."

"To naki fa, da ya fi shi girma?"

"Wanga? Gilashi ne, na ado! A kwando aka saida su."

Ɗaki ya ɗauki shewa.

Kwanon miya ya suɓuce daga hannun Bashira.

Na yaye labule. Ga zoben ɗiyata a yatsan Kamila, yana walƙiya kan lalle. Na'inna ta gan ni, bakinta ya tsaya a buɗe.

Bashira ta juya ta nufi waje. A zaure ta yi kiciɓis da ango cikin babbar riga. Ina biye da ita.

"Mu'awiyya... guda ne. Karat guda ne, yanzu na ji."

"Na faɗa miki, Bashira."

"Matar Dogon Daji fa?"

"Wace mata? Yayata ce ke aure can, ita nika kai wa cefane."

Sai ya ce a hankali, "Ko da kin tsane ni, mi ya sa kinka jefa shi a kwata?"

"Kwata? Ni? A cikin ɗankwalina na naɗe shi, sai da na sumbace shi kafin in bayar!"

Yaron nan ya dafa bango. Namiji da gemunsa, hawaye har kan rigar angonci.

"Bashirata..."

"Kar ka faɗa. An ɗaura. Ƙanwata tana ciki tana jiranka, ita ba ta san komi ba."

Ta ja mayafinta ta wuce tasha. Daga Kebbe har Tambuwal kanta na kan cinyata, ba ta yi kuka ba, kuma wanga shi ya fi ba ni tsoro.

To Na'inna, kin san nauyi, kinka ce mana girma. Kin sani tun sa'ad da kinka kai shi bakin ƙofa kinka yi jim.

Na kai magana gun Yaya Malami, babbanmu. Ranar Juma'a bayan an sauko za a zauna a zauren gidan ubanmu, da uwar Mu'awiyya da Hajiya Zulfa. Kar ki aiko kowa, kar ki ce ciwon kai. Ki zo da sikelinki da gilashinki, ki dubi idon Bashira, ki faɗa mata mi ta yi miki!