Rigar Da Aka Auna A Jikin Ladi

Motar Mirriya ta cika, direba ya ce saura mutum ɗaya. Mutum ɗayan nan Rifkatu ce, ta fito daga likita, wato asibiti, inda take koyon aikin ungozoma. Ta shiga ta zauna kusa da wani siririn saurayi mai rungume da littattafan 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, kafaɗarta ta danne tasa har ya karkace.

Wani dattijo a baya ya ce, "Kai, wannan kafaɗa ai ta 'yan kokawa ce. Samari, kana numfashi kuwa?"

Aka kwashe da dariya. Rifkatu ta sunkuyar da kai, ta shiga ƙanƙance jikinta kamar yadda ta saba tun tana 'yar shekara goma sha biyu.

Saurayin ya waiga ya ce, "Baba, kullum a motar nan ƙarfen ƙofa nake jingina da shi. Yau na samu madogara mai kyau, kar ku yi mini baƙin ciki."

Kafin su shiga Damagaram ta san sunansa Luka, mushe ne, wato malami, a wata lakwal, kuma majami'arsu ɗaya a unguwar Kara-Kara, sai dai shi a baya yake zama, ita kuma tana gaba cikin mawaƙa. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Rifina, kafaɗata har yanzu tana tambayar taki. Yaushe za ki koma Mirriya? Ina da aiki a can duk ranar da kike da shi."

Ta karanta sau huɗu, sannan ta amsa: "Mushe, ƙarya ba kyau ga mai koyar da yara."

Shekara ɗaya suka yi a haka, har manya suka shiga maganar. Baban Rifkatu, Malam Yusufu, ya karɓi Luka hannu biyu. Mama Maryamu, uwar Luka, ita ce ba ta so. Ba ta taɓa kushe halin yarinyar ba, jikinta kawai take kawowa.

"Mace kamar ƙyauren gida," in ji ta. "Wane tufa zai yi mata kyau? Ga Ladi nan 'yar ƙawata, komai ta sa kamar a jikinta aka halicce shi."

Ladi ma cikin mawaƙa take, tsayinsu ɗaya da Rifkatu, kuma kowa ya san inda idonta yake tsayawa idan aka tashi daga sujada. Rifkatu ta fi kowa sani.

Luka ya dage, Mama Maryamu ta haƙura a baki. A majami'arsu, dangin ango ne ke ɗinka wa amarya rigar da za ta sa ranar Lahadin da fasto zai fara sanar da aure, kuma ba ta ganin rigar sai ana gobe. Mama ta sayo shadda ruwan zuma, ta kira ɗanta.

"Ka ɗauki Ladi ka kai ta wurin Alkasum ya auna ta. Tsayinsu ɗaya. Ranar awon lafiya a majami'a ma kilo ɗaya suka yi, sittin da uku, Rifkatun ce ta faɗa da bakinta."

Luka, mutumin da ke koya wa yara cewa tsawo daban, faɗi daban, ya ce to. Alkasum kuwa, tsohon telan gidansu, bai ko ɗaga gira ba. Shekara talatin yana ɗinki da ido da "ai za ta shiga", kuma ba wanda ya taɓa tsayar da shi. Haka muke. Tela ya yi ganganci, mace ta koma gida tana zargin jikinta.

Ranar kuwa Rifkatu na kan kabu-kabu za ta kasuwa, sai ta hango moto ɗin Luka a ƙofar shagon tela. Ladi na sauka daga baya, hannunta ɗaya a kafaɗarsa, tana dariya da dukan haƙoranta. Rifkatu ta fasa cefanen.

"Ina kake?" ta rubuta.

"Saƙon Mama na je, Rifina."

"Saƙon Mama yana sa jan baki yanzu?"

Ya kira sau biyar, ba ta ɗauka ba. Da ya zo gidansu ya rantse ba abin da take zato ba ne, ta jira Asabar kawai za ta gani.

Ta kuwa gani. Ranar Asabar da la'asar matan gidan su Luka suka zo da rigar a faranti, Ladi na cikinsu. Rifkatu ta shiga ɗaki ta zura kai. Ƙugu ya zauna daidai, tsayi ya yi daidai. Amma kafaɗa ta ƙi. Hannun rigar ya shaƙe ta a hammata, wuyan ya ɗage sama. Ta ɗaga hannu za ta gyara, sai ji aka yi ɓarrr, ɗinkin baya ya buɗe.

Wata gwaggon Luka ta ce, "Ai sai ki rage ci, amarya."

Ladi ta karɓi rigar kamar mai taimako, ta ɗora a kan tata. Ta zauna mata ɗas, ko da yagar. Ta juya gaban madubi ta ce, "Ikon Allah. To ai a jikina aka auna ta. Mushe Luka da kansa ya zaɓi wuyan, yana tsaye ana gwada mini."

Rifkatu ba ta yi kuka a gabansu ba. Malam Yusufu da ya ji, ya aika wa fasto a dakatar da sanarwa. Ya ce mako ɗaya ya bayar: in dangin Luka ba su san wace yarinya suke nema ba, zai mayar musu da kayansu.

Saƙonni suka yi ta shigowa.

"Rifina, na yi wauta. So na yi ki yi mamaki."

"Na yi mamaki ƙwarai. Ka tsaya kana kallon ana zagaya jikin wata da mitar awo, kana tunanin nawa? Ko nata kake so ya zama nawa?"

"Ke nake so, ke kaɗai."

"To ka auri rigarka. Ka san wadda ta yi wa daidai."

Ta kashe salula. Kwana uku ba ta ci komai ba sai ruwan shayi. Ita da ke faɗa wa masu ciki su ci su ƙoshi, ga ta tana tsaye gaban madubi tana matse kafaɗunta da hannu biyu, tana ganin fuskar Ladi a kowane lungu na ɗakin.

Ranar Laraba ƙawarta Sakina ta zo. Tare suka yi lakwal, daga baya Sakina ta karanci ɗinki ta buɗe shagonta. Ta dubi kwanon da ba a taɓa ba, ta dubi rigar, ranta ya ɓaci.

"Miƙo hannunki." Ta zagaya wuyan hannun da mitarta. "Santimita goma sha bakwai. Na Ladi bai kai sha biyar ba, na sha ɗinka mata. Juya." Ta auna daga kan kafaɗa zuwa kan kafaɗa. "Arba'in da uku. Nata talatin da shida. Ke ungozoma ce, ki faɗa mini, a nan ina kitsen yake?"

Rifkatu ta taɓa. Ƙashi ne.

"Ko wata guda kika yi ba ci, wannan ba zai ragu da tsinin allura ba. Kilo ɗinku ɗaya, amma ke ƙashinki ya ɗauki rabo babba. Jikinki ba shi da laifi. Laifin na mai almakashi ne, da sakaran da ya kai masa wata. Ci tuwon nan kafin in ci miki mutunci."

Rifkatu ta yi dariya da hawaye, ta ci.

Luka kuwa bai zauna ba. Ya tsaya gaban uwarsa a karo na farko a rayuwarsa ya ce, "Mama, ku kuka aike ni, ni na tafi da ƙafata. Mu biyu muka kunyata ta, mu biyu za mu gyara. In ba Rifkatu ba, ba wata." Ya sayo sabuwar shadda, ya ɗauko Mama a moto zuwa shagon Sakina, inda ya roƙa a kawo masa Rifkatu.

Rifkatu ta durƙusa ta gaida Mama, ta ƙi kallon Luka. Sakina ta fara awo a gaban kowa, tana faɗar lambobi da ƙarfi. Can sai idonta ya tsaya a kan Mama Maryamu, wadda ke zaune cikin zafin nan lulluɓe da babban gyale.

"Mama, ku yi haƙuri, rigarku tana cin ku a hammata ko?"

"Haka riga take," in ji Mama.

"Ba haka take ba. Ku ba ni hannunku."

Kafin ta hana, mita ta zagaya. Goma sha bakwai. Sakina ta zame gyalen a hankali ta auna kafaɗa. Arba'in da uku. A ƙarƙashin hannun rigar akwai baƙin sawu inda ɗinki ya daɗe yana gurzar fata.

Mama Maryamu ta dubi Rifkatu, ta dubi nata hannun.

"Ranar da aka kawo ni gidan ubansa," ta ce a hankali, "surukata cewa ta yi sun auro ɗan dako. Tun daga nan ban ƙara fita ba gyale ba. Da na gan ki, 'yata, kaina na gani, kuma ban so abin da na gani ba."

Luka ya ce, "Ni kuwa tun ina goye na san inda ake jingina."

"Rufe mana baki," in ji su biyun tare.

Da suka fito, Rifkatu ta tsaya gaban moto ɗin ta nuna kujerar baya. "Wanke ta."

"Na wanke, Rifina. Sau biyu."

"Ƙara na uku. Wuyan rigar kuma, da gaske kai ka zaɓa?"

"Alkasum ya tambaye ni, na ce ko wanne. Ina waje ina gadin moto."

"To daga yau idonka ba ya awon kowa."

Tsohuwar rigar ba ta koma hannun Ladi ba. Rifkatu ta sa Sakina ta yanka ta, aka fitar da rigunan matashi guda biyu. Ta ce in dai a jikin Ladi aka auna ta, to a kwanta a kanta.

Malam Yusufu ya janye maganarsa, fasto ya yi sanarwa Lahadi uku, aka ɗaura aure bayan girbi. Ladi ta yi waƙa cikin mawaƙa, amarya kuma ta lura sarai da inda idon ango yake, ta same shi inda ya kamata. Da aka buga ganga, Rifkatu ta ɗaga hannayenta duka biyu har sama, rigar ta bi ta ba gardama. A gefenta Mama Maryamu na rawa cikin sabuwar riga ɗinkin Sakina, gyalenta a ninke a kan kujera.

Tsofaffi suka sa albarka: Allah ya ba da zaman lafiya, ya ba da zuriya mai albarka. Mama ta rungume amaryarta, kafaɗa ta haɗu da kafaɗa, ta ƙara nata a kai: "Allah ya ba ni jika mai irin ƙashinmu. Ni zan kai ta wurin tela da kaina."