Gidan Zanzaro a Kan Famfo

Tsautsayi ba ya sallama. Da hantsi aka buga waya ofishin 'yan sanda cewa ruwa ya ci mutum a masana'antar takarda.

Ko da Sufeto ya isa da Saje, an riga an fito da gawar. Mai walda ne, yana gyaran bututu a ƙasan wani rami mai zurfin gaba biyar. Famfon da ke zuƙe ruwan ramin ya tsaya cak, ruwa ya rufe shi kafin ya kai ga tsani.

"Sabon famfo ne, ranka ya daɗe, jiya aka ɗaura shi," in ji Manaja yana sharce gumi. "Makanikenmu Dogo ne ya ɗaura. Ku tafi da shi kawai, kafin dangin mamacin su ƙone mana wuri!"

Sufeto ya sa aka kwance famfon. Boris, zoben ƙwallayen ƙarfe da ke riƙe da shaf, wato sandar ƙarfen da ke juyawa a ciki, ya farfashe. Tsatsa ta cinye shi, amma ta gefe ɗaya kawai.

A ofis, Dogo yana bayan kanta, idanunsa jawur. Umarni ya zo daga sama cewa gobe da safe a kai shi kotu.

"Ka juya shi da hannu kafin ka ɗaura?" Sufeto ya tambaya.

"Na juya, yallaɓai."

"Ƙarfen da tsatsa ta kama haka, ka juya ba ka ji yana gurza ba? Ni za ka yi wa wayo?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Ban juya ba. Manaja na tsaye a kaina yana cewa maza maza. Kuma daga hannun Kawu ya fito. Abin da ya fito daga siton Kawu ba a bincika shi."

"Wane ne Kawu?"

"Mai sito. Wan mahaifiyata ne, shi ya riƙe ni, shi ya koya mini riƙon sifana. Yallaɓai, babban famfo in yana ajiye dole duk mako a juya masa shaf, in ba haka ba nauyinsa ya danne boris wuri ɗaya, giris ya daskare, tsatsa ta shiga. Shekara talatin Kawu bai taɓa fashi ba. Don Allah ku taimake ni, matata na kan gwiwa, yau ko gobe."

Sufeto ya ce gani ya kori ji. Ya sa Dogo a mota, suka koma tare.

Siton tsaf yake. Famfuna na jere a kan katako don kada sanyin ƙasa ya taɓa su, an toshe bakin kowanne. Mai sito dattijo ne mai furfura, ya tare su hannunsa na dama cikin aljihun riga. Bai dubi Dogo ba.

"Baba, famfon da ya lalace, wata nawa ya yi a nan?"

"Wata tara. Duk mako ina juya shi. Ga shaida." Ya nuna bango, inda aka ja layuka da alli, kowane mako layi ɗaya. "Yaran yanzu ne da garaje. Wajen ɗaurawa ya ɓata shi."

Dogo ya ƙura wa kawunsa ido.

Sufeto ya bi layukan da ido. Na farkon a miƙe suke kamar an sa ma'auni. Daga bayan wata uku zuwa ƙarshe duk sun karkace.

"Tare da wanne aka kawo shi?"

"Wancan na lungu. Tagwaye ne."

"Shi ma kana juya shi?"

"Shekaranjiya ma na juya."

Sufeto ya durƙusa, ya haska tocila. Zanzaro ya gina gidansa na laka daidai inda shaf ya shiga jikin famfo, rabi a kan shaf, rabi a jikin murfi. Ɗakuna bakwai, sun bushe ƙayau, har 'ya'yan sun huda sun fice. Ko tsagewa ginin bai yi ba.

"Baba, zo ka gani. Da ƙarfen nan ya motsa ko da faɗin farce, ginin nan zai zauna?"

Dattijo ya kau da kai. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Sufeto ya ɗauko babbar sifanar juyi, ya miƙa masa. "Juya mu gani."

Dattijo ya kama da hagu. Ya zaro na dama daga aljihu, ya ɗora, hannun ya zame ya faɗi kamar tsumma. Ya sake ɗorawa, ya sake zamewa. Sifana ta faɗi ƙasa da ƙara.

"Wata shida ke nan," in ji shi. "Na tashi da safe na ji hannun ba nawa ba. In kamfani ya sani, sallamata za a yi, ga gida cike da baki. Sai na riƙa jan layi da hagu, ina cewa mako mai zuwa zan warke."

"Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa," in ji Sufeto. "Ka ɓoye ciwo, ya ci ran mutum. Ka kuma tsaya a gabana ka tura ɗan ƙanwarka rami."

"Tsoro ne, ɗana. Ku sake shi. Ni ne."

Saje ya zaro ankwa. Sufeto ya dubi hannun, ya girgiza kai, Saje ya mayar da ita aljihu. Suka sa shi gaba.

A bakin ƙofa Dogo ya sha gabansu, hawaye na zuba har gemu.

"Kawu, kullum ta ƙofar nan nake wucewa. Kullum sai na gaishe ka. Aikin minti biyar ne fa! Da ka ce mini, Dogo, zo juya mini, wa zai sani?"

Dattijo ya wuce shi, ya nufi mota. Saje ya buɗe masa ƙofar mota, ya tallafe shi ya shiga.