Saki Biyu a Gaban Kyamara

Shamsiyya na dariya har da riƙe ciki, tana ba mahaifiyarta Inna Hajjo labari a tsakar gidansu na Fadan Kagoma. Mijinta Jamiluddeen, mawaƙin da duk Kafanchan ke ji da shi, ya samu shirin talabijin. Shi zai fito a Jamiluddeen, ita kuma a Shamsiyya matarsa.

"Jiya faɗan ƙarya muka yi, Inna! Ya zaro ido ya ce, 'Shamsiyya, na sake ki!' Na ƙyalƙyale da dariya, darakta ya sa aka maimaita."

Mahaifinta Malam Sada ya dire butar alwala.

"Da sunanki ya kira ki?"

"Eh, Baffa."

"Sau nawa ya faɗa?"

"Sau... biyu. Jibi za a ƙara, wai hoton bai fita ba."

"Innalillahi! Ke, ana wasa da saki ne? Matarsa ce ke, sunanki ya ambata. Igiya biyu sun tsinke, saura ɗaya!"

Nan take ya kira surukin nasa ya sanar da shi, ya kashe waya. Inna Hajjo kuwa, da ma can ba ta ƙaunar auren mawaƙi, ta tafa hannu.

"Ya cike ta ukun mu huta! Ba inda za ki, kuma kada na ji kin kira shi."

Washegari sai ga wayar darakta Henry.

"Haba madam, aktin ne fa! In ba ki zo ba ma, shi zai faɗa wa kyamara, mu haɗa da fuskanki."

Wayyo Shamsiyya! Tana son mijinta kamar ranta, ta kuma san shekara goma yana farautar wannan dama. Tsoro ya cika ta, amma ba ta saɓa wa Inna ba. Ta haɗiye kukanta, ta duƙufa da addu'a.

Ranar ta zo. Ƙarfe goma za a ɗauka. Azahar ta wuce, shiru. Ko a yanzu ita matar aure ce ko bazawara, ba ta sani ba.

Da la'asar aka yi sallama. Jamiluddeen ne, hodar fim ba ta ma goge daga fuskarsa ba. Ya zube gaban Malam Sada.

"Na tsaya gaban kyamara, Baffa. Aka ce in fara, wallahi bakina ya ƙi. Na bar musu shirin. Na mayar da matata."

Inna Hajjo ta dube shi, ta juya ga Shamsiyya ta ce, "Tashi ki kawo wa mijinki ruwa."

Haƙuri ya maido wa Shamsiyya ɗakinta, amma aure ba abin wasa ba ne, 'yan uwa. Biyun da suka tafi ba su dawo ba. Har gobe a kan igiya ɗaya suke zaune, ko faɗa ya kaure, Jamiluddeen sai dai ya kama bakinsa ya fita.