Wanda Ke Cikin Dodon Tsumma

Ranar Tsumma ce a kwalejin al'umma da ke bayan Samaru, ranar da ɗalibai ke ajiye littafi su sa yagaggun kaya, su shafe fuska da gawayi da alli, su bazama gari da gwangwanaye suna roƙa wa gidan marayu taimako. Sufeto Dalhatu ya tsani wannan rana. A wurinsa hauka ne da aka ba lasisi, kuma duk shekara sai ta jawo masa ƙarar direban bas ɗin da aka tare a Palladan.

Bana ba irin wannan ƙarar ce ta zo ba. Da azahar Saje Sati ya faɗo ofis ko sarawa bai yi ba.

"Yallabai, an kashe shugaban ɗalibai a kwaleji."

Sun tarar da makarantar ta kacame. Ɗaruruwan yara cikin tsummokara, fuskoki fari da baƙi, suna ta ihun laƙabin shugabansu, "Firesido! Firesido!" masu gadi na tare su da sanduna. Malam Suhail, jami'in kula da harkokin ɗalibai, shi ya kai su bayan ɗakin koyon kafinta, hularsa a hannu.

Abin da ke kwance a ƙasa bai yi kama da mutum ba. Buhunan gari ne aka ɗinke wuri guda, an rataya musu tsummokara, sun rufe tun daga kai har ƙafa, sai ramukan ido biyu. Jini ya jiƙa wajen ƙeya. Can cikin kwata ga ƙafar benci ta ƙarfe a yashe.

"Mene ne wannan ya sa?" in ji Sufeto.

"Dodon Tsumma ke nan, ranka ya daɗe. Al'adarsu ce. Shugaban ɗalibai kaɗai ke sa shi, ya ja jerin gwano har kasuwar Sabon Gari ya dawo. Ba ya magana, ba a ɗaga masa buhu, sai an tashi taro. Oladipo ne shugaba bana."

Sufeto ya tsuguna ya farke buhun da wuƙa. Fuskar da ta bayyana ta yaro ce ƙarami, ko gemu bai fara ba.

Malam Suhail ya ja da baya har ya yi karo da bango.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wannan ai ba Oladipo ba ne!"

"To waye?"

"Wallahi ban san shi ba. Cikin sabbin ɗauka ne, ina jin."

Hankalin Sufeto ya tashi fiye da yadda ya bari aka gani. Ɗan wani ne wannan, kuma iyayensa na can ba su san komai ba. Ya duba gawar a tsanake. A kafaɗar buhun akwai shatin yatsu, launin shuni mai duhu, inda aka riƙe shi ta baya. A ƙafa kuwa farin kambas ne da ya yi wa yaron yawa, an cusa auduga a gaba, an ɗinke gefensa da jan zare.

"Saje, cire takalman nan ka adana. Malam, kada kowa ya ji abin da ka gani."

"Ranka ya daɗe, yaran nan kuka suke yi wa mai rai!"

"Su ci gaba da yi. Wanda ya yi wannan aiki Oladipo ya zo kashewa. Muddin yana zaton ya gama, ba zai sake fita nemansa ba."

Safiyatu, sakatariyar ƙungiyar ɗalibai, tana zaune a ofishin ƙungiya ta yafa zanen buhu bisa mayafinta, hawaye ya yi hanya a kan allin fuskarta.

"Wa ya sa wa Oladipo kayan dodo da safe?"

"Ni na kama masa, Yallabai. Da hannuna."

"Dogo ne ko gajere?"

"Dogo ne sosai. Sai ya sunkuya yake shiga ƙofar nan."

"To me ya sa bakin buhun ya sha ƙasa haka, kamar an yi shara da shi tun daga Sabon Gari?"

Ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi.

"Safiyatu, akwai gawa. Ba wasan makaranta muke yi ba."

"Ya ce kar in gaya wa kowa," in ji ta. "Da safe na je ɗakinsa a Bomo, na tarar dodon ya riga ya shirya yana tsaye a waje. Shi Oladipo yana cikin ɗaki. Ya ce ba shi da lafiya, wani zai riƙe masa, sirri ne. Wallahi ban san wa ke ciki ba. Tun safe ina tafiya kusa da shi, har ruwa na miƙa masa ya ƙi karɓa."

A Bomo, cikin wani gidan haya da ke kallon gonakin masara, sai da Saje ya yi barazanar ɓalla ƙofa kafin aka zare sakata. Oladipo ya fito lulluɓe da bargo, yana tari irin na mai neman a tausaya masa.

"Zazzaɓi ne, Oga. Maleriya, tun jiya."

Sufeto ya ɗora bayan hannu a goshinsa, ya kalli kwanon da aka shaƙe da taliya da ƙwai a gefen katifa.

"Allah ya ba mu irin wannan zazzaɓi. Zauna. Wanda ka ba dodonka ya mutu."

Bargon ya zame. Oladipo ya zauna daɓas a ƙasa, bakinsa a buɗe, idonsa bai ko ƙifta ba.

"A'a. A'a, Oga. Obi? Obi ya mutu?"

"Yanzu na ji sunansa. Wane ne Obi, kuma wa kake tsoro har ka ɓuya?"

Labarin ya fito a gutsure. Akwai wani ɗalibin ajin ƙarshe, Nonso, da aka kama yana rubuta wa wani jarrabawa. Oladipo ne ya gan shi, shi ne kuma shaida ɗaya tilo da zai tsaya gaban kwamitin ladabtarwa ranar Litinin. In ya yi magana, korar Nonso ta tabbata. Shekaranjiya Nonso ya tare shi a bakin get ya ce masa ba zai ga Litinin ba.

"Shi ya sa ka saka wani a madadinka."

"Ba ni na neme shi ba! Shi ya zo da sassafe, ya durƙusa a nan, yana kuka. Ya ce in rufa wa yayansa asiri, mamarsu har ta fitar da ankon bikin kammalawa. Ya ce duk abin da nake so zai yi. Ni kuma na ce, to, ɗaukar min dodo yau, da yamma mu yi magana."

"Yayansa?" Saje Sati ya maimaita.

"Obi ƙanin Nonso ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Na zaci ko ya zo ma zai gane ɗan'uwansa, Oga. Na zaci jini ba ya ɓuya."

"A cikin buhu?" in ji Sufeto. Ya ce wa Saje ya sa Oladipo a bayan mota, ya kwantar da kai, kada a gan shi.

Suka ajiye shi a caji ofis suka wuce Muchia, gidan su Nonso. Sufeto dai addu'a yake a zuci Allah ya sa zarginsa ƙarya ne.

Madam Bibiana, mahaifiyar Nonso da Obi, na da ɗan kemis a ƙofar gidanta. Mace ce mai jiki da fara'a, haifaffiyar Sabon Gari, Hausa a bakinta kamar ta 'yan Tudun Wada.

"Oga Sufeto, sannu da zuwa. Ciwon kai ne ko basir?"

"Nonso muke nema, Madam. Tambaya ce kawai."

"Yana ciki. Tunda ya dawo yake banɗaki yana wanka, ya ƙarar min da sabulu. Yaran nan da Ranar Tsummarsu! Ka ga, kwalaben jibi guda biyu na ajiye a nan, maganin nan mai launin shuni na shafa wa ciwo, da safe na neme su na rasa. Na san aikin ƙaramin ne, Obi. Bari ya dawo, zai gamu da ni. Ko karyawa bai yi ba ya fita, ga abincinsa can a kula."

Sufeto ya kalli kular, ya kau da kai. Ya sha kai wa iyaye mugun labari, amma yau bakinsa ya ƙi buɗuwa.

Nonso ya fito da riga mai dogon hannu da hular sanyi har kunne, alhali zafin ranar ya isa ya dafa ƙwai. Fatar fuskarsa ta yi ja saboda dirza.

"Ina ka yini yau?"

"Gida, sa. An dakatar da ni daga shiga makaranta sai Litinin. Ban je ko'ina ba."

"Mamarka ta ce dawowa ka yi."

"Nan baya na je, wurin abokina."

"Cire hular."

Ya tsaya kamar bai ji ba. Saje ya miƙa hannu ya fizge ta. Bayan kunnuwansa da gindin gashinsa duk launin shuni ne, haka ma ƙarƙashin faratansa. Sauran ɗalibai gawayi da alli suke shafawa, abin da ruwa ɗaya ke wankewa. Shi ya so fuskar da ba wanda zai gane, ya manta cewa jibi in ya kama fata sai ya ga dama yake saki.

"Au, ashe kai ne ka ɗauke min!" in ji Madam Bibiana tana tafa hannu. "Ni ina ta zagin ƙaninka a banza."

"Mu je ofis," in ji Sufeto a hankali.

A ɗakin tambaya Nonso ya dake. Ya yarda ya shiga jerin gwano a ɓoye, wai don nishaɗi, amma bai kusanci dodo ba. Da aka ce masa akwai shatin yatsu a buhu, ya ɗaga kafaɗa.

"Kowa ya taɓa dodo yau, sa. Na ji an ce Firesido ya mutu. Allah ya ji ƙansa, amma maƙiyansa da yawa."

"Haka ne," in ji Sufeto. "Saje, shigo da shi."

Ƙofa ta buɗe, Oladipo ya sunkuyo ya shigo.

Nonso ya zabura har kujera ta kife. Ya manne da bango yana nuna shi da yatsa.

"Ƙarya ne! Ba shi ba ne! Ni na buge shi, sau biyu, a ƙeya, bayan ɗakin kafinta! Na ga ya faɗi, bai motsa ba!"

Sai da maganar ta gama fita sannan ya ji abin da ya faɗa. Ya zame ya zauna a ƙasa, ya ci gaba da magana kamar mai sambatu.

"Ba kashewa na yi niyya ba. So nake ya kwanta asibiti Litinin ta wuce. Mama ta gayyaci mutane har daga gida. Da wane baki zan ce mata an kore ni? Na bi shi da suka dawo, ya ware shi kaɗai, na riƙe kafaɗarsa. Ya so ya juyo, ban bari ba."

Ya ɗago kai ya sake kallon Oladipo, a hankali tsoro na daban ya shiga idonsa.

"To in kana nan, wa ke ciki?"

Saje Sati ya buɗe leda ya ɗora takalman a kan tebur.

Nonso ya daɗe yana kallonsu. Ya rarrafo ya ɗauki ɗaya, ya shafa jan zaren da yatsa, ya zura hannu ya zaro audugar.

"Nawa ne," ya ce, murya can ƙasa. "Ni na ɗinke shi. Na ba Obi da ya samu shiga makaranta. Ya yi masa yawa, na ce zai girma ya cika shi."

"Don kai ya sa buhun," in ji Oladipo yana kuka. "Roƙona ya zo yi in ƙyale ka."

Ihun da Nonso ya yi har masu shayi a tsallaken titi sun ji shi. Saje Sati, da ya shekara ashirin yana wannan aiki, sai da ya juya ya fuskanci taga. Da ƙyar aka ɓamɓare takalmin daga hannunsa aka sa masa ankwa.

Hanyar sel ta gaban kanta take bi. A kan bencin jira Madam Bibiana na zaune, ta biyo su a kan acaɓa, kula a cinyarta. Da ta ga ankwa ta miƙe a gigice.

"Oga Sufeto, don kwalaben jibi? Ai nawa ne, na yafe! Nonso, me ka yi? Ungo, ci wannan, na Obi ne, in ya dawo na dafa masa wani." Ta leƙa fuskarsa. "Ka gan shi a makaranta? Har yanzu bai shigo ba."

Nonso ya kau da kai daga kular. Kurata biyu suka riƙe shi suka shige da shi, ƙofar ƙarfe ta rufe.

Sufeto Dalhatu ya cire hularsa. Ya karɓi kular daga hannunta ya ajiye a kan kanta, don kada ta faɗi.

"Madam," ya ce, "zauna tukuna."